Takardar da Ban Warware Ba

Shekara talatin da ɗaya ina gyaran talabijin, kuma duk wanda ya zauna da ni minti biyar sai ya ji wannan daga bakina, ko ya tambaya ko bai tambaya ba. Uwar yarana ta ce ko gaisuwar mara lafiya na je sai na san yadda na yi na sako shi. To, ku ma kun ji, sai mu wuce wurin.

Shagona ɗaki ɗaya ne a ƙarshen layinmu. Akwai teburin aiki da ya sha ƙunar dalma, akwai mita, akwai gwangwanaye cike da ƙananan kayan da na ciro daga matattun talabijin. A kan kanta kuma tsofaffin talabijin ne masu ƙusumbi, jere reras, waɗanda masu su suka kawo gyara suka manta hanyar dawowa. Yanzu wa ke gyara? Abu ya lalace a jefar, a sayo sabo. Wannan bai dame ni ba kamar abin da ke faruwa a cikin gidana. Rimot zai ƙi aiki, ina zaune a falon, 'ya'yan da na haifa su ciro waya su tambaye ta. Waya! Ni kuwa sai in yi kamar ban gani ba, amma wallahi abin yana ci mini rai. Ba kuɗi nake nema a wurinsu ba. So nake wani a cikinsu ya ɗauko abu ya ajiye a gabana ya ce, "Baba, duba mini." Shi ke nan fa. Na fi shekara bakwai ban ji wannan maganar ba.

Sai ranar wata Litinin da safe ga Auta a ƙofar shago, da rigar aikinta ta kantin magani. Shekararta ashirin da uku, amma har gobe Auta muke ce mata. Ta ajiye ambulan a kan teburina, ta ɗora wata takarda ninke gida huɗu a kai.

"Baba, taimako nake so. Allon kwamfuta za ka sayo mini."

Na ajiye abin da ke hannuna a hankali, don kada ta ga yadda zuciyata ta yi tsalle.

Auta tana wasan kwamfuta, irin na harbe-harbe da ake yi mutum biyar-biyar ta intanet. Da can ina ɗaukarsa shiririta, har na ji 'yan'uwanta suna cewa a harkar an san ta. Ta ce wata ƙungiya da ke shiga gasa tana neman mutum ɗaya, za a gwada masu so ranar Asabar da ƙarfe biyu na rana, kowa daga ɗakinsa. Tsohon allonta ya fara zubo layuka kore. Shi ma ɗin ba ta kawo mini ba, sai a ranar na ji labari. Ta daɗe tana tara abin da ke cikin ambulan ɗin, ba yawa gare shi ba, kuma satin nan duk aikin yini take, ba ta da lokacin shiga kasuwa.

"Amma Baba akwai abu ɗaya da nake so ka lura da shi. Ba girma ba ne, ba kala ba ce. Idan abokin karawa ya leƙo daga bayan bango, wanda allonsa ya fi saurin..."

"Ke Auta," na katse ta. "Ni za ki koya wa allo?"

"A'a Baba, ai na rubuta maka a takardar..."

"Je ki aikinki kada ki makara. Kin kawo abu wurin mai shi."

Ta tsaya kamar za ta ƙara magana, sai ta yi murmushi ta tafi. Na ɗauki takardar yadda take a ninke na cusa a aljihun gaban rigata. Me zan karanta? Ni da na buɗe cikin talabijin fiye da yadda likita ya buɗe cikin mutane.

Maƙwabcin shagona Mai Agogo ne. Shi ma sana'arsa ta bi tawa, yini yake yana sa wa mutane batir yana korar ƙuda. Ya leƙo ta taga ya ce, "Injiniya, lafiya kake washe baki kai kaɗai?"

"Aiki aka ba ni. Daga cikin gida."

"Tabɗi! Yau za a yi ruwa."

Washegari na sa wannan rigar dai, don ita ce mai kyan, na shiga kasuwar kayan lantarki. Na zaga shago shida ina taɓe baki. A na bakwai na tarar da wata mata mai tabarau, ba za ta wuce arba'in ba, ita ce mai shagon. Ta gaishe ni da ladabi, ta tambayi abin da za a yi da allon. Na ce wasa, 'yata ce ke yi. Na gaya mata iyakar ƙarfina. Ba ta yi dogon tunani ba ta nuna mini wani ɗan ƙarami a gefe, inci ashirin da huɗu, baƙi, ba ado, ba lasifika, kamar farantin shayi.

"Wannan ne daidai kuɗinka, Malam. Sau ɗari da arba'in da huɗu yake sauya hoto a sakan ɗaya. Masu wasa shi suke nema."

Ni kuwa idona ya riga ya tafi wani wurin. A tsakiyar shagon akwai wani ƙato, inci talatin da biyu, an kunna shi yana nuna furanni da ruwa yana gangarowa daga dutse. Kala kamar ka sa hannu ka tsinko. Na matsa na yi masa irin gwajin da na saba yi wa talabijin. Na duba baƙinsa ko ya yi baƙi sosai, na duba kusurwoyi huɗu ko haske na yoyo, na tsaya ta gefe na leƙa, na ƙwanƙwasa bayansa da yatsa. Ga lasifika, ga rimot. A jikin kwalinsa an rubuta 120 da manyan lambobi. Kuma don na nuni ne, an rage masa kuɗi, ya faɗo daidai abin da ke cikin ambulan.

"Wannan zan ɗauka."

"Malam, wannan na kallon fim ne. Lambar da ka gani a kwali ado ce, ta talla. Ainihinsa sau sittin ne. Bari in haɗa maka su biyun ka motsa mawus, abin jan kibiyar nan, ka gani da idonka, minti ɗaya ne."

Da na yi shiru na bari ta haɗa, da yau ba ni da labarin ba ku. Amma akwai mutane uku a shagon, kuma duk sun juyo suna kallona, ana koya wa mai furfura allo. Kaina ya ɗau zafi.

"Baiwar Allah," na ce, da murya har waje, "shekara talatin da ɗaya ina wannan aikin. Lokacin da na fara buɗe bayan talabijin ke ko tebur ba kya kaiwa. Ƙaramin kike so ki liƙa mini don ya ƙi sayuwa, na san irin wannan wayon."

Ta cire tabaraunta ta goge da gefen mayafi, ta mayar. Ba ta ɗaga murya ba.

"To Malam. Abu ɗaya kawai, na nuni ba a dawo da shi. Zan rubuta a rasit."

"Wa ya ce miki zan dawo?"

Zan faɗi gaskiya tunda na fara. Ba kala ce kaɗai ta ja ni ba. Tun ina cikin shagon nake hango kaina na shigo layinmu da ƙaton kwali a kafaɗa. Kuma haka aka yi. Na sauka daga mota tun a bakin layi da gangan, na taho a ƙasa. Mai Agogo ya fito har tsakiyar hanya yana tafa hannu yana cewa, "Injiniya ya dawo da silima!" Ni kuwa ina ta ɗaga wa mutane kai kamar wanda ya ci zaɓe.

Kafin Auta ta dawo na haɗa komai a ɗakinta. Allon ya cinye teburin gaba ɗaya, sai da na sauke littattafanta ƙasa. Na kira uwarta ta gani. Na kira matar maƙwabcinmu da mijinta, su ma su gani. Da yamma da ta shigo, mutum huɗu ta tarar a ɗakinta ana kallon furanni.

Ta tsaya a bakin ƙofa. Ta kalli allon, ta kalli kwalin da ke jingine a bango. Sannan ta zo ta zauna, ta kama mawus, ta zagaya da 'yar kibiyar nan da sauri, sau ɗaya, sau biyu. Ta saki.

"Yaya kika gani?" na ce. "Wata mai tabarau ta so ta liƙa mini wani ɗan mitsitsi, na ce mata ba a yi mini haka."

"Yana da kyau, Baba. Na gode. Allah ya ƙara girma."

Maƙwabta suka yi ta sa albarka. Ni kuwa har wurin cin abinci ban bar maganar ba, sau uku na maimaita abin da na gaya wa mai tabarau, kowane karo ina ƙara masa gishiri. Auta tana ta gyaɗa kai, cokalinta na yawo a cikin kwano.

Laraba ban ji ƙarar wasa daga ɗakinta ba. Alhamis ma haka. Na lura tana fita tun kafin lokacin aikinta, da abin jin sauti na sawa a kunne a cikin jaka. Na ce a raina ƙila aiki ne ya yi yawa. Da na leƙa ɗakin na ga ta rufe allon da zane, sai ma na ji daɗi, na ce yarinya ta san darajar kaya.

Ranar Juma'a da hantsi uwarta ta zo har shago, abin da ba ta saba ba. Hannunta da kumfar sabulu. Ta ajiye wani abu a kan teburina, daidai inda Auta ta ajiye ambulan.

"Baban Auta, wannan a aljihunka na tsinta zan jiƙa rigar."

Takardar ce. Ninke gida huɗu, yadda aka ba ni.

"Af, ai ta Auta ce. An gama da ita."

"An gama da ita? Ko warware ta ba ka yi ba. Ka san inda 'yarka ke zuwa da sassafe? Shagon wasa na bakin titi, inda ake biya a zauna. Can take gwaji, don abin da ka sayo bai yi mata ba. Ta roƙe ni kada in gaya maka. Ni kuma na gaji da ganin kana yawo kana baza riga." Ta juya, har ta kai ƙofa ta waiwayo. "Shekara talatin da ɗaya. Ka karanta layi uku ya gagare ka."

Na zauna ni da takardar. Na warware ta. Rubutun Auta ne, ƙanana, a tsaye:

"144 ko fiye. Ko ƙarami ne ba komai, kada ka duba kala. Baba, abin nan ne na yatsu da ka nuna mini a shago, ka tuna? Shi ya sa na ce kai za ka sayo."

Na tuna mana. Tana 'yar shekara shida, idan an taso makaranta nan take zuwa ta zauna a kan wancan gwangwanin. Wata rana na rufe taga, na kunna ɗaya daga cikin masu ƙusumbin nan, na ce ta buɗe yatsunta ta kaɗa su a gaban gilashin. Ta kaɗa, sai ga yatsu sun zama goma sha. Ta ƙwala ihu tana dariya. Na ce mata, "Kin gani? Hoton talabijin ba motsi yake ba. Ɗauke shi ake a sa wani, a ɗauke a sa wani, sau hamsin ko sittin a sakan ɗaya. Da za a ƙara yawan sauyin, da motsin ya fi santsi." Wata guda tana tare duk wanda ya shigo shagon tana nuna masa.

Ashe ba wai ban san abin ba ne. Ni na koya mata shi da bakina. A duk duniyar nan ta kwamfuta da ban gane komai a cikinta ba, abu ɗaya ne tak na sani tun kafin a haife ta, shi ta ɗauko ta kawo mini, ni kuma na tsaya kallon furanni. Kunya ta rufe ni har na ji kunnuwana sun yi zafi, alhali ba kowa a shagon sai ni.

Na je gida na kwance allon na mayar a kwali. Layinmu hanya ɗaya gare shi, ba ta baya. Dole na sake bi ta gaban kowa da ƙaton kwalin a kafaɗa, wannan karon fita. Mai Agogo ya leƙo.

"Injiniya, silimar ta tashi ne?"

"Ka ji da batirinka."

Ya buɗe baki zai ƙara, ya ga fuskata, ya koma ciki.

Mai tabarau tana tare da masu saye biyu da na shiga. Ta gan ni, ta ga kwalin, ta ci gaba da abin da take yi. Na ajiye shi na tsaya a gefe kamar ɗan makarantar da aka ce ya jira shugaba. Na fi minti ashirin a tsaye. Ban ga laifinta ba.

"Malam, na rubuta a rasit," ta ce da ta juyo.

"Na gani. Ba wannan ne ya fara kawo ni ba." Masu sayen ba su tafi ba, kuma na ce a raina gara haka, a gaban mutane na yi, a gaban mutane zan gyara. "Ranar Talata na yi miki rashin mutunci a shagonki, kina gaya mini gaskiya. Ki yafe mini. Kuma gwajin nan da kika ce za ki nuna mini, ina so in gani."

Ta ɗan dube ni ta saman tabarau. Sannan ta jawo waya ta haɗa ƙaton da wani ƙarami a kwamfuta ɗaya, ta tura mini mawus. Na kaɗa shi a kan nawa, kibiya ta rarrabu, ɗaya nan, ɗaya can, da rata a tsakani. Na kai shi kan ƙaramin na kaɗa, sai ga kibiyoyi a jere kusa da kusa, motsin sumul. Yatsun Auta ne sak. Minti ɗaya, kamar yadda ta ce.

"To yanzu yaya za mu yi?" na ce. "Gobe da ƙarfe biyu ake gwada ta."

"Sabo ba zan iya musanya maka da na nuni ba, ni ma ba ni na ƙera su ba." Sai ta shiga ciki ta fito da wani ƙaramin allo duk ƙura, ba kwali. "Irinsa ne, ɗari da arba'in da huɗu. Wuta ce ta yi masa illa, ba ya kawowa, wata biyar yana nan. Ka bar mini ƙaton ka ɗauki wannan. In ya tashi, naka ne. In bai tashi ba, kada in gan ka." Ta ɗan murmusa. "Ka ce shekara talatin da ɗaya."

Ta rama, kuma na cancanta. Na san cinikin ya fi mata daɗi, na san kuma gumin 'yata ne nake jefawa a kan mataccen abu. Na karɓa. Ta ba ni wata waya ta musamman, ta ce da ita za a haɗa, ba tsohuwar ba, kuma sai an shiga cikin kwamfutar an zaɓi lambar da hannu, in ba haka ba a sittin zai zauna ko shekara zai yi. Wannan karon na ce ta maimaita, na rubuta a bayan takardar Auta.

Na buɗe bayansa a kan teburina tun kafin la'asar. Ban daɗe ba na ga ɓarnar, a ɓangaren da wuta ke shiga: 'yan gwangwanaye biyu sun kumbura, wani ƙaramin abu kusa da su ya ƙone. Wannan aikina ne, nan ba mai koya mini. Gwangwanayen na samu a tarkacena. Ɗan ƙaramin ne ya ba ni wahala, sai da safe za a buɗe inda ake sayar da irinsa.

A nan na sake yin wata wautar, don ɗaya ba ta ishe ni ba. Da yamma Auta ta dawo, ta ga teburinta wayam, ta tambayi uwarta. Uwar ta ce ta tambaye ni. Ta same ni a tsakar gida.

"Baba, ina allon?"

Da sai in ce mata, na karanta takardarki, na yi kuskure, ga abin da nake ciki, ki jira ni zuwa gobe. Magana huɗu. Amma bakina ya ƙi. So nake in shigo da shi yana aiki, in ajiye, a ga bajinta, laifin ya wuce ba a ambace shi ba.

"Yana shago, ina ɗan duba wani abu."

"To, Baba."

Asabar tun buɗe kasuwa ina can. Sai wajen sha ɗaya na samu abin, na dawo na liƙa shi, na sa mita na auna, na yi bismillah na kunna. Ɗan haske shuɗi ya kawo a ƙasan allon. Wallahi sai da na yi ihu, har Mai Agogo ya shigo da gudu yana zaton wuta ce ta ja ni. Na rufe bayansa, na goge ƙurar da gefen rigata, na rungume shi na yi gida. Ƙarfe ɗaya saura.

Ɗakin Auta a buɗe, ba kowa.

"Ta tafi tun ƙarfe goma," in ji uwarta. "Shagon wasa. Ta ce sai ta je da wuri za ta samu kujera, yau Asabar."

Na kira wayarta, a kashe. Na ce zan bi ta da allon, uwar ta ce in kai shi ina, kwamfutarta tana nan, can kuma ba za su bari a kwance musu kaya ba. Sai na haɗa shi a teburin da sabuwar wayar, na bi abin da na rubuta, na zaɓi lambar. Na kaɗa mawus, sumul. Na mayar da littattafanta inda suke, don yanzu akwai wuri. Sannan na zauna a bakin gadonta ina kallon agogo yana cin biyu, yana cin uku.

Bayan la'asar ta shigo. Daga yadda ta ajiye jakar na san amsar.

"Ba su ɗauke ni ba. Wurin ya cika da hayaniya, ba na jin abokan wasana, kuma ana tsaka da yi intanet ɗinsu ya yanke. Sun ce in sake nema bayan wata shida."

Sai ta ga teburin. Ta zo a hankali ta kama mawus ta zagaya. Ta sake zagayawa. Ta juyo wajena.

Na gaya mata duka. Takardar, mai tabarau, kwalin da na fita da shi, har da cewa wannan ɗin ba sabo ba ne, gyara shi na yi. Ban rage komai ba.

"Baba, da ka gaya mini jiya ai da na jira ka."

"Na sani. Ke ma me ya sa ba ki faɗa mini tun ranar Talata ba? Kin gane tun kaɗawar farko."

Ta kalle ni, idonta ya kawo ruwa.

"Ka riga ka tara mutane a ɗakin, Baba. Kana ta murna. Na daɗe ban ga kana murna haka ba. Ta ina zan fara?"

Na rasa inda zan sa fuskata. Ni ne uba, ni ya kamata in rufa mata asiri, sai ga shi ita ta yini huɗu tana rufa mini, ta biya da abin da ta fi so. Na ce ta yafe mini, ta ce ba komai, kuma na san akwai komai. Na fita tsakar gida na tsaya a gaban famfo kamar mai shirin wanke hannu.

Allon yana nan yana aiki, kullum ina jin ƙarar wasanta bayan ta dawo. Ni dai na daina ambaton shekaru talatin da ɗaya, har uwarta ta tambaye ni ko ba ni da lafiya. Na kuma cire rai da cewa wani zai sake kawo mini abu daga cikin gidan, don in ni ne su, ba zan kawo ba.

Bayan sati uku, da safe, ina kwance wata tsohuwar rediyo, inuwa ta tare mini haske. Auta ce da rigar aiki, riƙe da abin kunnenta, wayarsa na lilo. Ta ɗan tsaya a bakin ƙofar, na ga tana shawara da zuciyarta. Sannan ta shigo ta ajiye shi a kan teburin.

"Baba, duba mini. Ɓangare ɗaya ya daina ji."

Na miƙa hannu zan ɗauka, ta dafe shi. Ta ciro takarda daga jaka, wannan karon ba a ninke ba, ta shimfiɗa ta a gabana, ta danne gefenta da mitata. Ta koma ta zauna a kan gwangwanin nan nata na da, ta harɗe hannu.

"Za ki makara," na ce.

"Ba komai. Karanta tukuna. Da ƙarfi, in ji."

Mai Agogo yana leƙe ta taga, bakinsa har kunne. Na laluba aljihu na ciro tabarauna, na share murya, na fara daga layin farko.